Na'urar Awon Lantarkin Ƙwaƙwalwa da Ciwon Farfaɗiya

Mai karatu, wataƙila likita ya taɓa ba ku takarda, ko ya ba wani naku, ya ce a tafi babban asibiti na birni a yi awon kai. A kan takardar akwai haruffa uku: EEG. Da Turanci da Faransanci duk haka ake rubuta su. A wannan darasi za mu kira shi awon lantarkin ƙwaƙwalwa.

Mutane da yawa suna karɓar takardar su koma gida su ajiye ta. Na san wani uba da ya yi haka. Ɗansa yana da farfaɗiya, an ba shi takardar awo, sai maƙwabta suka ce masa a can birni wutar lantarki ake jona wa mutum a ka, wanda ya shiga ba ya fitowa da hankalinsa. Tsoro ya kama shi, ya ƙi zuwa birni, ya kuma daina zuwa karɓar magani a wurinmu don kada a tambaye shi zancen takardar. Bayan 'yan watanni aka kawo mana yaron da ƙuna a hannu da kafaɗa. Ciwon ya tashi yana zaune kusa da murhu. Uban nan yana ƙaunar ɗansa ƙwarai. Rashin sani ne ya cuce su.

Saboda haka ku riƙe wannan magana tun daga farko: na'urar ba ta sa kome a cikin kai. Saurare kawai take yi, ta rubuta abin da ta ji. Za mu ga yadda aka gano ta, yadda masana suke aiki da ita a ɗakunan bincike na jami'o'i, abin da ta koya mana game da farfaɗiya, da abin da za ku yi idan an tura ku awo ko an gayyace ku cikin wani bincike.

1. Akwai lantarki a cikin kai?

Akwai. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙananan ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Suna aika wa juna saƙo dare da rana, kuma da ɗan ƙaramin lantarki suke aikawa. Da wannan saƙo kuke ɗaga hannu, kuke gane muryar ɗanku, kuke tuna hanyar gona. Haka aka halicci kowa, mai lafiya da marar lafiya.

Wannan lantarki kaɗan ne ƙwarai. Batirin tocila ɗaya yana da ƙarfin bolt ɗaya da rabi. Abin da ke isowa fatar kai daga ƙwaƙwalwa bai kai kusa da haka ba: batirin ya fi shi ƙarfi sau 15,000 ko fiye. Don haka ba mai jin sa a jiki, kuma ba ya jan wanda ya taɓa kan wani.

Na'urar tana da 'yan maɓallan ƙarfe masu kama da maɓallin riga. Ana manna su a fatar kai, kowanne da siririyar waya. Wayoyin suna shiga wani akwati mai ƙara ƙarfin saƙo, kamar yadda lasifika take ƙara muryar mai magana. Daga nan saƙon ya wuce cikin kwamfuta, ya fito a fuskarta kamar layuka masu hawa da sauka. A dā alƙaluma ne suke zana layukan a kan doguwar takarda mai tafiya.

Ku ɗauki misalin mutumin da ya tsaya nesa da kasuwa ranar cinta. Yana jin hayaniya, yana iya gane ko kasuwa ta cika ko ta fara watsewa. Amma ba ya jin cinikin da ake yi a rumfar mai gishiri. Haka na'urar take. Tana jin hayaniyar ƙwayoyi masu yawa a haɗe. Ba ta san tunanin mutum ba, ba ta san asirinsa ba, ba ta san abin da ya yi jiya ba.

2. Yadda aka gano ta

A shekarar 1875 wani likita a birnin Libaful na Ingila, Richard Caton, ya nuna cewa akwai lantarki a ƙwaƙwalwar zomaye da birai. Wajen shekara 50 bayan haka, a 1924, wani likitan masu taɓin hankali a garin Yena na Jamus, Hans Berger, ya yi nasarar ɗaukar na mutum. Ya yi shekara biyar yana sake gwadawa, har a kan ɗansa na cikinsa, kafin ya buga abin da ya gano a 1929.

Berger ya lura da wani abu da har yau ake nuna wa kowane ɗalibi. Idan mutum ya zauna shiru ya rufe ido, layin yana hawa da sauka a natse, wajen sau 10 a daƙiƙa ɗaya. Da ya buɗe ido, sai wannan tsari ya ɓace. Masana da yawa ba su yarda da shi ba, suna cewa wayoyinsa ne suke rawa. Sai a 1934 wasu masana biyu na jami'ar Kambirij a Ingila, Edgar Adrian da Brian Matthews, suka sake gwajin suka tarar gaskiya ne. Adrian ya sa aka manna maɓallan a kansa a gaban taron masana, yana rufe ido yana buɗewa, kowa yana kallon alƙalami yana sauya tafiya. Gani ya kori ji.

A 1935 kuma likitoci uku a birnin Boston na Amurka, Frederic Gibbs da Hallowell Davis da William Lennox, suka ɗauki zanen masu wata irin farfaɗiya a daidai lokacin da ciwon ya tashi. Za mu komo kan abin da suka gani.

3. Yadda ake aiki da ita a ɗakin bincike

A asibiti ana awo ne domin a san ciwon mutum ɗaya. A ɗakin bincike na jami'a ana awon mutane da yawa, wasu masu lafiya wasu marasa lafiya, domin a amsa wata tambaya: yaya ƙwaƙwalwa take ji, yaya take barci, me zazzaɓi yake yi mata. Na'urar iri ɗaya ce, kuma yawancin abin da likitan asibiti ya sani game da ita daga ɗakin bincike ya fito.

Aikin yana farawa da awon kai. Mai awo yana ɗaukar tef irin na tela, ya auna daga gindin hanci tsakanin idanu zuwa ƙashin ƙeya, ya sake aunawa daga kunne zuwa kunne. Sai ya raba tsawon kashi-kashi, ya sa alama da fensir. Ana kiran wannan tsari 10-20, kuma wani masani a Kanada, Herbert Jasper, shi ya buga shi a 1958. Amfaninsa shi ne, ko kan mutum babba ne ko ƙarami, maɓalli yana zama a wuri ɗaya, har likitan wata ƙasa ya iya karanta awon da aka yi a wata. Kowane wuri yana da harafi da lamba. Lambobi 1, 3, 5, 7 na hagu ne, 2, 4, 6, 8 na dama.

A asibiti maɓallai wajen 21 ake sawa. Masu bincike sukan yi aiki da hula mai kama kai, wadda aka riga aka jera mata maɓallai 32, ko 64, ko 128, har 256. A ƙarƙashin kowane maɓalli ana sa wani mai mai danƙo da gishiri a ciki, domin saƙon ya wuce daga fata zuwa ƙarfe. Wannan shiri yakan ci lokaci kamar awon kansa, wani lokaci ma ya fi.

Babbar wahalar masu awo ita ce hayaniyar da ba ta ƙwaƙwalwa ba. Tun da saƙon ƙarami ne, kome yana iya rufe shi. Ƙyafta ido yana sa layi ya yi tsalle. Cije haƙora yana cika allo da ƙazanta. Gumi yana sa layi ya yi ta lilo. Wutar gida da ke cikin bango tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ita ma tana shiga wayoyin. Shi ya sa ake ce wa mutum ya saki jiki, ya kashe wayar hannu, ya daina tauna. Wasu jami'o'i har ɗaki na musamman suke ginawa da ƙarfe a bangonsa don ya tare lantarkin waje.

Idan masu bincike suna so su ga yadda ƙwaƙwalwa take amsa ƙara, ba sau ɗaya suke buga ƙarar ba. Suna maimaita ta sau da yawa, wani lokaci ɗaruruwa, kwamfuta ta haɗa amsoshin gaba ɗaya. Abin da ya zo bisa tsautsayi sai ya shafe, abin da yake zuwa kullum ya fito fili. Ta irin wannan hanya Samuel Sutton da abokan aikinsa suka gano a 1965 cewa idan wata ƙara ta zo wadda mutum bai yi tsammani ba, layin yana tashi bayan kamar kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa. Irin wannan dabara ce ake bi yau a gwada ko jariri yana ji, tun bai iya magana ba, yana barci a hannun uwarsa.

4. Iri-irin zanen

Masana sun raba zanen bisa ga saurinsa, suka ba kowanne suna:

Alfa: sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa. Ita ce wadda Berger ya fara gani. Tana fitowa a ƙeya idan babba ya natsu ya rufe ido.

Beta: fiye da sau 13. Tana fitowa idan mutum yana farke yana tunani ko yana aiki.

Teta: sau 4 zuwa 7. Ana ganinta lokacin gyangyaɗi, kuma tana da yawa a wajen yara.

Delta: ƙasa da sau 4. Ita ce ta barci mai nauyi. Idan ta fito a wajen babba yana farke, alama ce cewa wani abu ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Zanen jariri dabam yake da na yaro, na yaro dabam da na tsoho. Abin da yake daidai ga mai wata shida ba daidai ba ne ga mai shekara 30. Saboda haka karanta awon nan aiki ne na wanda ya koye shi musamman.

Da wannan na'ura aka san cewa barci ba abu ɗaya ba ne. A 1953, a jami'ar Shikago, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman sun gano cewa a cikin dare akwai lokutan da idon mai barci yake motsi da sauri, zanen ƙwaƙwalwarsa kuma ya yi kama da na wanda yake farke. Idan aka tashe shi a lokacin, yawanci yakan ce mafarki yake yi. Na'urar ta nuna lokacin mafarki, amma abin da ke cikin mafarkin sai mai shi ya faɗa da bakinsa.

5. Abin da ta nuna game da farfaɗiya

Mu koma kasuwar nan. Kowa yana cinikinsa, hayaniya tana tashi a hankali. Sai wani ya yi ihu, "Ɓarawo!" Nan take kowa ya ɗauka, kowa ya ruga gefe ɗaya. Ciniki ya tsaya, kaya sun zube. Bayan ɗan lokaci ƙura ta lafa, kowa ya koma rumfarsa a gajiye.

Haka farfaɗiya take a cikin kai. Ƙwayoyin jijiya masu yawa suna sakin lantarki gaba ɗaya ba tsari. A kan allo ana ganin layukan sun yi tsini kamar ƙaya. Idan abin ya tsaya a gefe ɗaya na ƙwaƙwalwa, wataƙila hannu ɗaya ne zai yi rawa, ko mutum ya yi ta taune-taune yana tattaɓa rigarsa bai sani ba. Idan ya mamaye ko'ina, sai mutum ya faɗi, ya sanƙare, ya yi jijjiga.

Akwai kuma irin da ba a faɗuwa. Yarinya tana cikin magana sai ta tsaya cik, ido a buɗe, daƙiƙa biyar ko goma, sannan ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Yana iya faruwa sau da yawa a yini. A gida ana ce mata mai taurin kunne, a makaranta ana dukanta don ba ta sauraro. Irin wannan ne likitocin Boston suka ɗauka a 1935: tsini ɗaya da tudu ɗaya, suna maimaituwa sau 3 a kowace daƙiƙa. Likitan da ya ga wannan zane ya san ciwon, ya kuma san maganin da ya dace, domin wani maganin farfaɗiya yana ƙara wa wannan iri muni.

To, ga abin da za ku ɗauka daga nan. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce wanda ake iya gani a kan allo. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko fitsari, ko tusa, ko cin abinci a ƙwarya ɗaya. Mai ita bai yi laifin da ya jawo masa ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ne suke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ta kuma ce har kashi 70 cikin 100 za su iya zama ba faɗuwa idan an gane ciwon an ba su maganin da ya dace.

Abubuwan da suke kawo ta a wurarenmu sanannu ne: doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, buguwa a ka kamar ta haɗarin babur, da ƙwan tsilar alade da ke shiga ciki ta ruwa ko abincin da bayan gida ya taɓa. A wajen wasu kuma ba a gane dalili, amma duk da haka magani yana yi musu aiki.

6. Bincike a Afirka

Kada ku ɗauka wannan aiki na Turai da Amurka ne kaɗai. A Kilifi ta ƙasar Kenya da Bilantaya ta ƙasar Malawi, masu bincike sun sa na'urar a kan yaran da zazzaɓin cizon sauro ya sumar. Sun tarar wasu yaran suna cikin bugun ciwo a ƙwaƙwalwa alhali jikinsu a kwance yake, sai dai ɗan motsin ido, ko na baki, ko sauyin numfashi. Wannan ya koya wa ma'aikatan lafiya su lura da ƙananan alamu a jikin yaron da ya suma.

A kwarin kogin Mbam na Kamaru an tarar farfaɗiya ta yi yawa a ƙauyukan da ke kusa da ruwa, inda baƙin ƙuda mai kawo makanta ya fi yawa. Wannan ƙarin dalili ne na shan maganin Mectizan duk lokacin da ma'aikatan lafiya suka zo rabo.

A ƙasar Gini kuma an gwada hula mai aika saƙo zuwa wayar hannu, a tura zanen ta intanet, likita mai nisa ya karanta. Irin wannan gwaji ne zai iya kawo awon kusa da ƙauye wata rana. A yanzu dai yawancin na'urorin suna manyan asibitocin birane kamar Yawunde, Yamai da Kano.

7. Idan an tura ku awo

Kafin ranar:

Ku wanke kai da sabulu, ku bar shi ya bushe. Kada ku shafa man gashi, ko man kaɗanya, ko man shanu, domin mai yana hana maɓalli kama fata.

Mata su tsefe kitso, su cire gashin kanti. Wadda ba ta son namiji ya ga kanta a buɗe ta tambaya tun da wuri ko akwai mace mai awo.

Ku ci abinci kamar kullum. Yunwa tana sauya zanen. Amma ku bar goro, shayi mai ƙarfi da kofi a ranar.

Ku ci gaba da shan magani sai idan likita da kansa ya ce a dakata. Ku tafi da kwalin maganin da katin asibiti.

Wani lokaci za a ce kada mai ciwo ya yi barci sosai a daren, domin ya yi barci a wurin awo. Gyangyaɗi da barci suna fito da alamun da suke ɓoye. Idan an ce haka, kada ya tuƙa babur ko mota, wani ya raka shi.

Ku tafi da wanda ya taɓa ganin ciwon ya tashi da idonsa.

A ɗakin awo za a zaunar da ku ko a kwantar da ku. Za a auna kai, a goge fata kaɗan, a manna maɓallai. Ba allura, ba aski, ba zafi. Ɗaukar zanen yakan ci minti 20 zuwa 30, duka aikin wajen awa ɗaya. Za a ce ku buɗe ido, ku rufe. Za a ce ku yi numfashi mai zurfi na minti 3, wanda yakan sa ɗan jiri da ke wucewa. Mai sikila, mai asma, mai ciwon zuciya da mace mai ciki su faɗa kafin a fara, domin akan tsallake musu wannan sashe. Za a kuma haska wata fitila mai walƙiya a gaban ido. Numfashin da fitilar suna iya tayar da ciwon a wajen mutane kaɗan. Masu awo sun san da haka, suna shirye, kuma abin da suka gani yana taimakon likita.

Bayan an gama a cire maɓallai, ku wanke kai, ku koma harkarku. Mai awo ba shi ne mai ba da sakamako ba. Likitan ƙwaƙwalwa ne zai karanta ya rubuta. Ku kawo takardar wurin wanda ya tura ku.

Akwai wani magani dabam da ake yi a wasu asibitocin masu taɓin hankali, inda ake sa wa mutum maganin barci sannan a yi aiki da lantarki. Wancan dabam, wannan awo dabam.

8. Abin da awon ba ya yi

Awon ba magani ba ne. Wanda aka yi wa shi bai warke ba tukuna, sai ya sha magani.

Awon ba hoton ƙwaƙwalwa ba ne. Idan likita yana neman ƙari ko tabo, wata na'ura ce dabam take ɗaukar hoto.

Awon yana iya fitowa lafiya lau alhali mutum yana da farfaɗiya. Wanda ya je kasuwa na rabin awa ba lalle ne ya tarar da ihun ɓarawo ba. Mutane da yawa masu farfaɗiya awonsu na farko ba ya nuna kome. Don haka kada ku ce takarda ta wanke shi, ku zubar da magani.

Babban abin da likita yake dogara da shi shi ne labarin wanda ya gani: yadda ciwon ya fara, gefen da ya fara, tsawon lokacinsa, ko ya ciji harshe, ko ya yi fitsari, yadda ya farfaɗo. Idan akwai waya mai ɗaukar bidiyo, mutum ɗaya ya kula da mai ciwo, wani ya ɗauka. Da wannan labari ma'aikacin lafiya da aka koyar yana iya fara magani ko babu na'ura. Rashin kuɗin zuwa birni kada ya hana ku zuwa asibitin da ke kusa.

9. Idan masu bincike suka gayyace ku

Wata rana mutanen jami'a suna iya zuwa asibitinku ko ƙauyenku da hula da kwamfuta. Bincike abu ne mai kyau. Duk abin da kuka karanta a sama, mutane ne suka yarda aka auna su har aka san shi. Amma kuna da haƙƙi, kuma likitocin duniya sun rubuta shi tun 1964 a birnin Helsinki na ƙasar Finlan.

Dole a yi muku bayani da harshen da kuke ji: me ake nema, me za a yi muku, tsawon wane lokaci, wace wahala ce a ciki.

Sai kun yarda za a fara. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa a gaban shaida da ya amince da shi, kafin ya dangwala yatsa.

Kuna iya ƙi, kuna kuma iya fita a tsakiya. Wannan ba zai hana a duba ku ko a ba ku magani a asibiti ba.

Yaro sai da yardar iyayensa, kuma idan ya yi wayo shi ma a tambaye shi.

Ku tambaya wa zai ga sunanku. Akan sa lamba a madadin suna.

Ku tambaya wane kwamiti ne ya ba su izini, da wanda za ku nema idan kuna da ƙara.

Ku tambaya ko likita zai duba zanenku, da abin da za a yi idan an ga ciwo. Awon bincike ba kullum yake zama awon asibiti ba.

Masu bincike na gaskiya ba sa karɓar kuɗi a hannunku don shiga bincikensu, ba sa kuma yin alkawarin cewa hular za ta warkar da ku. Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya ji haushin tambayarku, ku bar shi da hularsa.

10. Abin da ke hannunku tun yau

Idan ciwon ya tashi a gabanku, kada ku gudu. Ku janye mutumin daga wuta, ruwa ko hanya. Ku sa zane a ƙarƙashin kansa, ku sassauta wuyan rigarsa. Kada ku danne shi. Kada ku sa cokali, yatsa ko tsumma a bakinsa, ba zai haɗiye harshensa ba. Kada ku ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada ku yi masa hayaƙi, kada ku kai ƙafarsa kusa da wuta. Da jijjigar ta lafa ku juya shi ya kwanta a gefe, ku zauna da shi har ya dawo cikin hankalinsa. Ku kai shi asibiti nan da nan idan ciwon ya wuce minti 5, ko ya sake tashi bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, ko akwai zazzaɓi, ko mace ce mai ciki.

Magungunan da aka fi samu su ne fenobabital, kabamazefin, fenitoyin da balfurowet. Ana shan su kullum, a kan lokaci, ko da an daɗe ba a faɗi ba. Tsayar da su farat ɗaya yana iya kawo bugu mai tsanani da zai iya kisa. Ku koma karɓar wani tun na hannu bai ƙare ba. Idan mutum ya yi shekara 2 ko fiye bai faɗi ba, likita ne zai duba ko za a rage a hankali. Macen da take son ɗaukar ciki ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauka, musamman mai shan balfurowet, domin yana iya cutar da jariri. Kada ta daina sha da kanta.

Mai farfaɗiya kada ya yi iyo ko ya je rafi shi kaɗai, kada ya hau bishiya ko ya zauna bakin rijiya, a kuma yi wa murhu kariya. Ban da wannan, ku bar shi ya je makaranta, ya yi noma, ya yi aure, ya zauna cikin jama'a a wurin ibada, ya ci abinci tare da kowa. Ku yi masa addu'a, ku kuma tuna masa da maganinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Na'urar awon lantarkin ƙwaƙwalwa tana sa wuta a cikin kai? Yaya za ku bayyana wa maƙwabcin da yake jin tsoro?
2. Me ya sa ake ce wa mutum kada ya shafa mai a kai ranar awo?
3. Idan awo ya fito lafiya, a daina shan magani? Don me?
4. Ku faɗi abubuwa uku da za ku tambayi masu bincike kafin ku yarda.
5. Ku faɗi abubuwa uku da ba a yi wa wanda ciwon farfaɗiya ya tasar wa.
6. Akwai wani a unguwarku da ake ɓoyewa a ɗaki saboda wannan ciwo? Wa zai raka shi asibiti a wannan mako?